Sabon Mazubi

A wani ƙauye na ƙasar Makoɗa, ba nisa da Koguna, an yi wani dattijo da kowa ke kira Baba Maƙeri. Aikinsa na kullum fartanya ne da garma da lauje da magirbi, domin ƙasar ta manoma ce, gona na jingine da gona, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga jejin kirki. Amma da zarar an ɗaure gero da dawa an kai rumbu, sai maharba su fara zarya a maƙerarsa. Wani a gyara masa kunamar bindiga, wani a zuba masa harsashin dalma na bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sandar ƙarfe.

Mazubin da yake zubin da shi gado ne daga mahaifinsa. Kamar awartaki yake, sai dai a bakinsa akwai rami, rabi a wannan muƙamuƙi rabi a wancan, idan an haɗe su sai su ba da ƙwallo guda. Shekaru sun cinye shi, ƙusar tsakiya ta yi sako-sako, sai Baba ya matse da dabara kafin harsashi ya fito daidai.

Autansa, wanda ke masa zuga tun yana ɗan ƙarami, ya daɗe yana jin haushin wannan mazubi. Da ya sayar da gyaɗarsa, ranar Lahadi ya tafi kasuwar Ɗambatta ya sayo sabo, yana sheƙi, da mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa. Baba ya juya shi a hannu, ya sa albarka, ya ce a ajiye sai sun gwada shi tare.

Washegari aka yi rasuwa a dangi wajen Kazaure, Baba ya tafi jana'iza. Ga shi kuwa Sarkin Baka ya riga ya ba da aiki, don suna da fita farauta da asubahin Talata. Auta ya ce a ransa, me za a jira? Ya hura gawayi, ya tattaro guntayen dalmar da ke cikin kwano, har da wadda aka ciro daga tsohon batirin mota, ya narka ya shiga zubi. Kafin la'asar ya cika ƙoƙo. Ɗan Sarkin Baka ya zo, ya ƙirga talatin, ya biya, ya tafi.

Bayan magariba Baba ya dawo. Auta ya tarbe shi da ƙoƙon yana murmushi.

"Baba, dubi aikin sabon mazubi. Har an karɓi na Sarkin Baka."

Tsohon bai ce uffan ba. Ya sa aka kawo fitila da farantin tangaran, ya ɗan karkata farantin, ya ɗauki harsashi ɗaya ya saki. Maimakon ya gangara kai tsaye, sai ya yi ɗingishi ya bauɗe gefe. Ya saki na biyu, shi ma haka. Na uku ya tafi sumul. Sai ya miƙa hannu jikin danga ya ciro wani baƙin falankin ƙarfe mai huji biyu, wanda Auta ya sha gani a rataye bai taɓa tambayar amfaninsa ba.

"Wannan huji babba, faɗin bakin bindigar Sarkin Baka ne. Dole harsashi ya wuce ta cikinsa ta kowace fuska ka juya shi. Wannan ƙaramin kuwa, dole ya ƙi wucewa. Gwada."

Auta ya tsuguna ya fara. Wani ya wuce babban hujin, da ya juya shi ta ɗaya gefen sai ya cije. Wani ya sulale ta ƙaramin ya faɗi ƙasa. Da ya kusanto da su ga fitila ya ga wasu duk tamoji a jikinsu, wasu kuma da ɗan tudu a kewaye, daidai inda muƙamuƙan mazubin suka haɗu. Cikin ashirin da ya gwada, bakwai ne kawai suka tsallake.

"Amma Baba, sabo ne fa. Ko kwana biyu bai yi ba."

"Shi ya sa ba mu san halinsa ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Ɗauko mini takalmina."

"Ina za ka da daren nan? Ka sha hanya tun safe."

"Gidan Sarkin Baka. Kai ma taso."

Suka bi ta cikin karan dawa a cikin sanyin hunturu, tsoho a gaba da sanda, Auta a baya da fitila. A hanya ne Baba ya faɗa masa abin da ya hana shi zama. Harsashin da ya yi ƙanƙanta hasara ce kawai: ƙarfin albarushi ya zurare ta gefensa, ya fita ya yi gabas ko yamma, maharbi ya dawo hannu rabbana, ko ya raunata dabba ta je ta mutu a banza. Wanda ya yi girma ko ya karkace shi ne masifa. Yakan cije a tsakiyar bututu, mai bindiga ya danna ya ji ya tsaya, ya zaci ya kai ƙasa, alhali akwai sarari tsakaninsa da albarushi. Idan aka harba a haka, bututu na iya kumbura ko ya tsage a hannun mai shi. Baba ya ce ya san mutum biyu a zamaninsa da suka rasa yatsu ta wannan hanya, kuma har suka koma ga Allah ba wanda ya daina ambaton sunan maƙerin da ya yi musu zubin.

Suka yi sallama, Sarkin Baka ya fito da mamaki.

"Lafiya, Sarkin Maƙera, da wannan dare?"

"Lafiya ƙalau, Sarkin Baka. Kayan da yaron nan ya ba da ɗazu na zo karɓa. Ba su cika ba. Ga kuɗinka, ka yi mana haƙuri zuwa Alhamis."

Sarkin Baka ya ce ai har ya raba wa yaransa. Baba ya ce to sai a tashe su. Gida uku suka shiga a daren nan, Auta na tsaye yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige, sai da talatin ɗin suka cika cif a aljihun tsohon. Ni a ganina wannan tafiyar ita ce babban karatun da Auta ya samu, domin Baba bai zage shi ba, bai kuma ɗora masa laifi a gaban mutane ba. "Ba su cika ba" kawai ya ce, kamar shi ya yi zubin.

Da hantsi suka zauna. Baba ya fara wanke ramin mazubin tas, ya ce man nan da ke jikin sabon ƙarfe yana ƙonewa idan dalma ta taɓa shi, shi ne ke kawo tamoji. Ya kanga shi kusa da wuta sai da ya bushe ya ɗau zafi, don dalma na narkewa a wajen digiri 327, idan ta faɗa cikin ƙarfe mai sanyi sai ta daskare kafin ta cika ramin, idan kuma ta tarar da ɗigon ruwa sai ta yi tsartuwa ta fallatsa wa mutum a fuska. Ya ɗaga mazubin a rufe ya saita da rana, ya nuna wa Auta wani siririn haske da ke ratsowa ta tsakanin muƙamuƙan. Wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ne ya hana su haɗuwa. Ya goge shi a hankali, ya matse ƙusar, ya sake ɗagawa, haske ya ɓace.

Sannan ya ware dalmar. Ta batir daban, mai laushi wadda farce ke iya karta daban. Ya ce ta batir gauraye take da wani ƙarfen, ta fi tauri, kuma ba ta tsukewa idan ta huce kamar yadda tsantsar dalma ke yi, saboda haka mazubi ɗaya sai ya ba ka girma biyu. Ya hana a ƙara kawo ta batir maƙerar ma gaba ɗaya.

Zubin farko har zuwa na goma, ko kallonsu bai yi ba, ya mayar cikin kasko. Daga nan suka fara fitowa sumul, Auta na gangarawa a faranti yana gwadawa a huji.

Wannan gangarawa a faranti ba ƙauyanci ba ne. A shekarar 1782 wani mai gyaran famfo a birnin Biristol na Ingila, William Watts, ya samu hanyar yin ƙananan harsasai ta zubo narkakkiyar dalma daga saman doguwar hasumiya, ta dunƙule a iska ta faɗa ruwa. Duk da haka masana'antun da suka bi hanyarsa sai sun gangaro da su a kan karkataccen allo, masu kyau su wuce, karkatattu su faɗi gefe a sake narka su.

Suna cikin aiki sai ga jikar Baba, 'yar shekara uku, ta rarrafo gindin kasko ta ɗauki harsashi ɗaya za ta kai baki. Tsohon ya yi wuf ya ƙwace, ya ɗauke ta da kansa ya kai cikin gida ya wanke mata hannu da sabulu. Ya dawo ya ce wa Auta daga yau ba a zubi sai a can bayan danga inda iska ke kaɗawa, ba a cin abinci a wurin, rigar aiki kuma ba ta shiga ɗakin yara. Ya tuna masa abin da suka ji a rediyo a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Gubar ba ta da wari, ba ta da ɗaci, kuma yara ƙanana ta fi kamawa.

Ranar Alhamis Auta da kansa ya kai wa Sarkin Baka kayansa. Sarkin Baka ya ɗauki ɗaya ya saka a bakin bindiga, ya danna da sanda, ya ji ya sauka har ƙasa ba gardama. Ya ce, "Ka gaida Baba, ka ce masa ya yi magaji."

Yanzu Baba ya rasu, Auta ke riƙe da maƙerar. Farauta ta ja baya a ƙasar, don ban da zomo da gafiya da fakara ba abin da ya rage a gonaki, saboda haka yawancin dalmar da yake zubawa ta masuntan dam ɗin Tomas ce, wadda suke ɗaurawa a bakin birgi. Ita ma ɗaya bayan ɗaya yake auna ta kafin ya miƙa, domin idan wani gefe ya fi wani nauyi, birgi ba ya buɗewa daidai a kan ruwa.