Ran Wani a Hannunka

A wasan tseren keken ƙanƙara da ake kira bobsled, a rukunin mata biyu, su biyun ne ke tura keken da gudu, sannan su faɗa ciki. Ta gaba ce matuƙiya. Ta baya, mai birki, da zarar ta shiga sai ta sunkuyar da kai, ba ta ganin komai har ƙarshe, keken kuwa yana zabga gudun da ya haura kilomita 120 a awa cikin kwararon ƙanƙara mai lanƙwasa. Birkin ma ba ta ja sai an tsallake layin ƙarshe. Ranta yana hannun 'yar'uwarta.

Wannan amanar Seun Adigun ta ɗauka. A Chicago aka haife ta a 1987, ta yi wa Najeriya tseren tsallake shinge a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Da ta shiga wasan ƙanƙara tare da tawagar Amurka, kujerar baya ta fara zama, don haka ta san abin da mai sunkuyar da kai ke ji. Da ta ƙuduri kafa tawagar Najeriya, sai ta jawo Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, ta haɗa keken katako a Houston, inda da wuya a ga ƙanƙara, suka yi ta tura shi. Kuɗin tafiya ma jama'a suka tara ta intanet, wata amanar ke nan a kanta.

A Fabrairun 2018 suka fita gasar Olamfik a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, tawagar bobsled ta farko daga Afirka a gasar. Su ne na ƙarshe. Ba na jin kunyar faɗa, domin abin da ya biyo baya ya fi lambar zinare a wurina: an kama matuƙiyar Rasha, Nadezhda Sergeeva, da haramtaccen magani, aka soke sakamakonta, wahalar abokiyarta ta tafi a banza. Adigun kuwa ta sauko da 'yan'uwanta lafiya, sunansu ba tabo.

Mu mutanen Kende da Bagudo ba sai an fassara mana wannan ba. Duk wanda ya shiga kwale-kwale a Kogin Neja zuwa kasuwar Lolo ya sunkuyar da kai ne, ya bar wa matuƙi ransa. Uwa da goyonta ba ta san inda ruwa ke juyawa ba, matuƙi ne ya sani, shi ne kuma ya san iyakar lodin da jirginsa zai ɗauka. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Wara a Ngaski, makil da mutane fiye da ƙima, gidaje da yawa suka yi makoki. Har yau idan ruwa ya cika akwai matuƙan da ke ƙara buhu a kan buhu, fasinja kuma ya yi shiru don kada a ce ya cika tsoro.