Gona Ya Aura Ko Mace?

 

Ya 'yan'uwa, wani ɗan'uwa manomi daga wajen Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, ya tsayar da ni bayan wazifa da wata tambaya da ta hana shi barci. Baƙo ne a tungar da yake zaune. Su biyu suka nemi yarinya ɗaya, kuma kowa ya san mahaifinta na da saura mai faɗi da ta daɗe ba a noma ba. Shi aka ba, aka kuma yanka masa gona. Yau shekara bakwai, ya ce: "Malam, har yanzu ban sani ba, ita na so ko saurar?"

Tambayar ta girme shi. Tarihin baka na Arewa yana cewa Gubawa ne suka fara saran dajin Dallol Mawri, Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne masu ƙasa. Daga baya Ari ya zo daga Barno, ya samu ɗa da 'yar Baura, wato Akazama, kakan sarakunan Arewa. Ba aƙida muke ɗauka daga mutanen wancan zamani ba, amma tun lokacin wanda ya yi sassabe ya gina rijiya shi ke da wuri, wanda ya zo baya kuma sai ya shiga ta ƙofar aro ko ta ƙofar aure.

Shari'a ba ta ƙyamaci neman ƙasa ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi babi guda a kan raya matacciyar ƙasa: wanda ya fito da ruwa, ko ya yi gini, ko ya dasa itace, ko ya sare daji ya nome, wurin ya zama nasa, sai dai in kusa da gari ne, a nan sai da izinin shugaba. Amma sun ce kewaye fili kawai ba raya shi ba ne. Haka nan Annabi (SAW) ya ambaci dukiya cikin abubuwan da ake auren mace dominsu, bai ce auren ya ɓaci ba, ya dai kwaɗaitar da zaɓen ma'abuciyar addini. A hadisin niyya ma an kawo wanda ya yi ƙaura don matar da zai aura. Ba a ce ya yi haramun ba, an ce abin da ya nufa shi ne rabonsa.

To a zahirin hukunci ɗan'uwan nan ba shi da laifi, in dai bai shiga neman ba bayan an riga an yi wa abokin takararsa alkawari, domin wannan an hana. Na tambaye shi, ya ce lokacin ba a tsayar da kowa ba.

Abin da ya saura aikin zuciya ne, kuma a ganina ya sa tambayarsa a wurin da ba ta da amsa. Niyyar saurayi mai neman abin rufin asiri da wuya ta zo tatacciya. So da yunwa da son a ce shi ya ci nasara duk suna cikin ƙwarya ɗaya, kuma babu mai iya komawa shekara bakwai baya ya rairaye su. Shaiɗan yana son irin wannan tono, domin yana cinye lokacin da za a gyara na yau. Sai na ce masa ya auna kansa da abin da malamai suka auna ƙasa: ɗaurin aure kewaye fili ne, to ka raya? Idan gobe surukinka ya rasu, magada suka karɓe gonar, kamar yadda ake yawan yi da gonar aro, da wace fuska za ka shiga ɗakinta? Ranar da damina ta yi gardama, dami bai cika rumbu ba, a kanta kake hucewa? Ta san abin da ka taɓa ɓoyewa a ranka, ko kana barinta tana zaton abin da ba shi ba?

Mu ma da muka karɓi wuridi wannan awon bai bar mu ba. Da yawanmu mun shigo ne don aboki, ko don wata buƙata, ko don daɗin zikirin Juma'a, kuma ba a kore mu ba. An bar mu muna lazimi safe da yamma har niyyar ta daidaita a hankali, ga wanda Allah Ya nufa.

Sai da zai tafi ya faɗi abin da ya fi nauyi. Wanda ya rasa yarinyar shi ne maƙwabcinsa na iyaka, layin gamba kawai ya raba su, kuma sahu ɗaya suke tsayawa. Bana da ya zo shuka, hauyarsa ta ɗan shiga taku biyu. Na tuna masa gargaɗin Annabi (SAW) a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Ya yi shiru, sannan ya ce in sun koma zai kira dattijan tunga a sake tsayar da iyakar kafin ruwa ya sauka.