Abin da Ake Dawowa da Shi daga Aikin Mishan

Duk lokacin dogon hutun makaranta, filayen jiragen saman Amurka kan cika da iyalai sanye da riguna iri ɗaya masu ɗauke da sunan cocinsu, suna dawowa daga ƙasashe irin su Honduras bayan sati ɗaya ko biyu na aikin mishan. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta cewa Amurkawa kusan miliyan 1.6 ne ke irin wannan fita duk shekara. Uba ya ɗora bulo, uwa ta koya wa yara waƙoƙin ibada, 'ya'yan sun sha ƙwallo da tsararrakinsu, kuma a jirgi maganar kowa ɗaya ce: sun ga talauci da idonsu, yanzu sun san darajar abin da Allah ya ba su. A ganina, a kan hanyar gida ya kamata a auna tafiyar, kuma wannan godiya ba ta isa ba. Godiyar da ta tsaya a kan kwatanta kai da mabukaci ta mayar da shi abin ɗaukar darasi, alhali an je wurinsa da sunan ɗan'uwa ne a cikin bangaskiya.

Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, Kurt Ver Beek, malamin jami'a da ya daɗe a ƙasar, ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa. Ya tarar cewa tawagar baƙi kan kashe wajen dala 30,000 a tafiyar da ta samar da gida ɗaya, yayin da ƙungiyoyin 'yan ƙasa ke gina irinsa da kusan dala 2,000. Masu gidajen ba su ga wani bambanci a rayuwarsu ba, ko baƙo ya gina ko ɗan gida. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne su kansu matafiyan: sun dawo suna cewa zuciyarsu ta sauya, amma kyautar da suke bayarwa daga baya ba ta ƙaru da wani abin kirki ba, kuma kaɗan ne suka ci gaba da hulɗa da waɗanda suka baro.

Masu kare tafiyar za su ce kuɗin nan ba don ita ba da ba a tara shi ba, domin mutane sun fi sakin hannu ga ɗan cocinsu fiye da ƙauyen da ba su taɓa ji ba. Gaskiya ne, amma wannan rauni ne a tarbiyyar ikilisiya da ya kamata a gyara, bai kamata a gina tsari a kansa ba. Za su kuma ce zuwa da kai ya fi aike, kuma wannan hujjar ta fi nauyi, ban raina ta ba. Ziyara tana ɗaga darajar wanda aka ziyarta. Sai dai ziyarar zumunci takan bar igiya a baya. Manzo Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi a Koranti, bayan ya tafi kuma bai daina rubuta musu wasiƙu ba, yana aika musu abokan aikinsa. Asibitin Galmi da ke Nijar, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, ya samu amincewar maƙwabtansa Musulmi ne saboda ma'aikatansa sun zauna, sun koyi Hausa, sun yi jinyar iyaye da 'ya'ya da jikoki.

Ba kowane iyali ne zai iya ƙaura ba, kuma ba wanda ya nemi haka daga gare su. Amma iyalin da ya sauka daga jirgi yana iya tambayar faston ƙauyen da ya ziyarta abin da ikilisiyarsa ke buƙata kafin ya yanke nasa hukunci, ya riƙa biyan albashin malamin makarantar ƙauyen shekara bayan shekara, ya koma ƙauyen da ya sani maimakon neman sabuwar ƙasa, ya kuma bar magina 'yan gari su yi ginin da aka san sun fi shi iyawa.