WA YA BIYA KUƊIN DAƊIN DA MUKE TUNAWA?

Ya ku 'yan'uwa samari da 'yan mata na zango.

Duk lokacin da mu tsofaffin ɗalibai muka haɗu, ko wurin suna, ko ɗaurin aure, ko ma zaman makoki, ba a jimawa sai hira ta karkata ta koma makaranta. Wasunmu Legon suka yi, wasu jami'ar kimiyya ta Kumasi, wasu Cape Coast, wasu kuma kwalejin horon malamai, amma da an fara sai ka ce ɗaki ɗaya muka kwana. Wannan ya tuna gari jiƙe da suga da gyaɗa da ake sha tsakar dare lokacin jarrabawa, wancan ya tuna kwalbar shito guda ɗaya da mutum shida suka yi sati biyu suna lallaɓawa, wani kuma ya tuna yadda ake buga ƙofofi da asuba a watan azumi don kada kowa ya makara sahur. A yi ta dariya har hawaye. Abin mamaki, da wuya ka ji wani ya tuna lacca. Mutane ake tunawa, da tafiye-tafiye, da abincin da aka ci tare.

To, Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai kuma daga cikin dattawanmu masu ganin wannan hira gafala ce, wai mai hankali gaba yake dubawa, abin da ya wuce kuwa ya wuce. Shin haka ne? Wannan ce tambayar da muke so mu duba tare da ku, domin da yawanku yanzu kuna cikin kwanakin da za ku riƙa tunawa nan da shekara ashirin.

Bari mu fara da ƙuruciya. Yawancinmu gidajenmu ba su san wani abu wai shi yawon shaƙatawa ba. Fitarmu da iyaye ba ta wuce kala uku. Ta farko ranar Sallah, a sa sabon ɗinki a bi Baba zuwa filin Idi, daga nan a shiga gida-gida gaishe da dangi daga Nima zuwa Mamobi zuwa Sabon Zongo, ko daga Aboabo zuwa Asawase ga 'yan Kumasi, a dawo aljihu na ƙarar kwabbai. Ta biyu rakiyar alhazai zuwa filin jirgin sama na Ankara, inda dangi kan cika mota guda da tabarmi da kulolin abinci, yara kuwa ba abin da ya dame su sai su ga tashin jirgi. Ta uku, idan an yi sa'a, wani kawu mai ɗan hali ya kwashe yaran gida zuwa bakin teku a Labadi, ko gidan namun daji na Kumasi, ko tafkin Bosomtwe. Sau ɗaya ke nan a shekara, wani lokaci sau ɗaya a duk ƙuruciya, amma har yau muna iya faɗin launin rigar da muka sa.

Da muka shiga kwaleji sai duniya ta buɗe. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ta sashen karatu, ko ta ɗakin kwana, kowace ta kan shirya yawon buɗe ido, a yi karo-karo a ɗauki hayar bas. Ta haka muka hau duwatsun Akuapem muka ga lambun Aburi wanda aka buɗe tun 1890, muka bi ta tsakanin dogayen itatuwan nan da suka yi sahu kamar masu salla. Ta haka muka shiga kurkukun bayi a ganuwar Elmina wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, muka fito kowa ya yi tsit. Waɗanda suka zo bayan 1995 sun taka gadar igiya ta dajin Kakum, mazan da ke cika baki a cikin mota suka riƙe igiya suna salati. Wasunmu kuma sun kai har masallacin Larabanga da gandun dajin Mole. Gani ya kori ji, kuma tafiya mabuɗin ilmi ce. Ba mu da-na-sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye.

Amma akwai wata tafiya da ta bar mana darasi wanda ba mu gane ba sai da girma ya zo. Mun je Akosombo ganin madatsar ruwan da aka fara ginawa a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Muka tsaya a kan tudu muna kallon tafkin Volta, muna ɗaukar hoto, muna yaba kyaun wurin. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa kafin ruwan nan ya kwanta haka sai da aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka zaunar da su a sababbin matsugunai 52. Cikin wuraren da ruwa ya ci har da tsohon garin Kete Krachi, inda babban malamin nan Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Wato abin da muke kallo muna jin daɗi, da wutar lantarkin da muke karatu da ita a ɗakunan kwana, wasu ne suka biya da gidajensu, kuma ba su cikin hoton.

Haka kowane daɗi yake. Akwai wanda ya biya, kuma sau da yawa ba ya cikin hoton.

Ɗaya daga cikinmu ya ba mu labarin da ya sa muka zauna rubuta wannan maƙala. Ya ce da ya dawo hutu a shekararsa ta biyu, ya ɗauko hotunan Aburi da aka wanke yana nuna wa ƙannensa a tsakar gida. Mahaifiyarsa tana gefe tana gyaran waken da za ta dafa waakye na sayarwa washegari. Ta goge hannu ta karɓi hoto ɗaya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kai, wannan wuri da kyau yake. Wace ƙasa ce?" Ya ce, "Mma, ai nan ne Aburi, bayan Madina kaɗan." Ta ce, "Ashe nan kusa ne." Ta miƙa masa hoton ta koma kan wakenta. Shekara talatin tana zaune a Nima, Aburi bai kai mil talatin daga ƙofar gidanta ba, ba ta taɓa zuwa ba, alhali kuɗin motar da ya kai shi can daga cikin adashinta ya fito. Ya ce mata in ya gama karatu zai kai ta. Da ya gama sai ya ce bari ya ƙare hidimar ƙasa. Da ya ƙare sai neman aiki, sai aure, sai haihuwa. Ranar da ya sayi motar kansa, ta shekara biyu a ƙasa. Har yau hoton yana nan, amma ya ce ba ya iya duba shi.

Kowannenmu ya yi shiru, domin kowa yana da irin nasa. Wani yayarsa ce aka cire daga makaranta ta riƙa tallan koko da ƙosai don shi ya ci gaba. Wani mahaifinsa ne mai gadi, yana kwana a zaune a ƙofar gidan wani don ɗansa ya kwana a gadon kwaleji. Wani kuma abokin da suka taso tare a makarantar allo ne, wanda ya fi shi ƙwaƙwalwa amma bai sami mai biya masa ba, ya zama yaron mota a trotro, kuma in sun haɗu shi ke hana shi biyan kuɗin mota. Idan muna hirar makaranta ba mu cika ambaton waɗannan ba. Zuciya tana tace abin da ya wuce kamar yadda rariya ke tace gari, ta riƙe dariya ta zubar da wahala, musamman wahalar da wani ya sha dominmu.

To a nan ne muke ganin amsar tambayarmu take. Tuna daɗin baya ba laifi ba ne, ni'ima ce, kuma wanda ba ya tuna ni'ima ba zai gode mata ba. Inda gafala take shi ne mutum ya tuna daɗin ya mance mai shi. Irin wannan tunawa tana sa mutum ya ɗauka shi ya yi kansa, har ya fara jin cewa abokan kwaleji su ne mutanensa na gaskiya, 'yan gida kuwa ba su waye ba. Mun ga wanda zai yi tafiyar awa biyar don taron tsofaffin ɗalibai, amma ya yi wata uku bai taka zangon da aka haife shi ba. Idan kuwa mutum ya tuna daɗin tare da wanda ya biya, sai tunawar ta zama bashi a wuyansa, kuma mai jin nauyin bashi ba ya zama wuri ɗaya.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce iyayenmu ba su damu da yawo ba, in ka ce za ka kai tsohuwa Aburi cewa za ta yi ka ba ta kuɗin ta ƙara a jari. Gaskiya ne za ta faɗi haka, domin shekara da shekaru ta saba hana kanta, har hanin ya zame mata jiki. Amma ku lura da yadda tsofaffinmu ke ba da labarin tafiya ɗaya da suka taɓa yi, ko ta aikin Hajji ko ta bikin wani ɗan'uwa a Tamale, su maimaita ta sau ɗari ba su gaji ba. Mai irin wannan ba za a ce ba ya son fita ba. Bai dai saba a tambaye shi ba ne.

Za a kuma ce babu kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, rayuwar zango ba sauƙi. Sai dai mu tambayi kanmu nawa muke kashewa a anko da kayan kiɗa a biki guda, nawa kuma ke tafiya a katin waya cikin wata. Kuɗin trotro daga Madina zuwa Aburi na mutum huɗu, da kular shinkafa daga gida, da tabarma, bai kai ɗinkin Sallah ɗaya ba. Fitar da muka fi tunawa a ƙuruciya ma ai ba ta masu kuɗi ba ce. Abin da ya sa ta zauna a zuciya shi ne ranar Baba bai je kasuwa ba, Mma ba ta hura wuta ba, kowa ya zama namu tun safe har yamma.

Wasu kuma za su ce yawon shaƙatawa al'adar Turawa ce. Mu kuwa jikokin fatake ne. Kakanninmu da ƙafa suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga neman goro, da tafiya aka kafa kowane zango a ƙasar nan, sunan zango ma ai masaukin matafiya ne. Kuma mu ne muka ce zumunta a ƙafa take. Abin kiyayewa kawai shi ne inda za a je da abin da za a yi a can, kada salla ta wuce, kada a kai yara inda ido zai ga abin da bai kamata ba.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa da ke makaranta yanzu, ku ji daɗin kwanakinku, ku yi abokai, ku je duk inda aka shirya zuwa na alheri. Amma duk hoton da kuka ɗauka, ku tambayi kanku wa ya biya, kuma yaushe rabonsa da fita. Kada ku jira sai kun sayi mota. Mu da muka yi karatu kafin tsakiyar shekarun 1990 mun sha shiga aji ranar Idi, domin sai a zamanin mulkin Jerry Rawlings aka mai da Sallah ƙarama da babba ranakun hutu a Gana. Ku kun sami wannan hutu a hannu. Ku ware yini ɗaya a cikinsa, ko washegarinsa, ku ɗauki Mma da Baba, da yayar nan da ta bar makaranta dominku, ku kai su wurin da kuka taɓa zuwa ba da su ba. In ƙafar tsoho ba ta iya hawan dutse, bakin teku ma ya isa. In mahaifan sun riga mu gidan gaskiya, to ga ƙannensu da aminansu, ga kuma addu'a.

Abokin namu da ya ba da labarin hoto, bara da Sallah babba ya cika motarsa da ƙanwar mahaifiyarsa da wasu tsofaffi biyu maƙwabtansu, ya kai su Aburi. Ya ce sun zauna a inuwa sun ci abinci, sun yi Azahar a kan ciyawa, ɗayarsu ta roƙe shi ya ɗauke ta hoto a jikin wata babbar bishiya don ta nuna wa jikokinta. Bai ce ya biya bashin ba, domin wadda ke bin sa ba ta nan. Ya dai ce da suka dawo ya iya buɗe tsohon hoton ya duba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rasu, ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana, ya ba mu ikon kyautata musu tun suna gani. Amin.