Wasiƙar Damfara: Tambayar Da Ya Kamata Musulmi Ya Fara Yi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai raba arziki tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanakin baya wani bawan Allah ya same ni a zaure bayan sallar La'asar, ya miƙo mini wayarsa, ya ce in fassara masa wata wasiƙar imel da aka aiko masa da Larabci. Ta fara da sallama da salati. Mai wasiƙar ta ce wai ita gwauruwa ce, ciwo ya ci ƙarfinta, mijinta ya bar dala miliyan da yawa a banki, tana neman Musulmi nagari ya karɓa, ya gina masallatai, ya riƙe sulusi. Abin da ake bukata kawai shi ne ya aika da kuɗin lauya, kada kuma ya gaya wa kowa. Da na gama, sai ya ce, "Malam, gaskiya ce kuwa?" Na ce masa ƙarya ce. Amma akwai tambayar da ta riga wannan, watau ko da gaskiya ce, wannan dukiya ta halatta gare ka?

Wannan dabara tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 19 ana aika irinta a Turai ta gidan waya, da sunan wani attajiri da ke tsare a kurkukun Sifen, wanda zai raba dukiyarsa da duk wanda ya biya kuɗin fito da shi. A Nijeriya ana kiranta 419, daga lambar sashen da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara a cikin kundin dokokin laifuffuka. Daga takarda ta koma imel da saƙon waya, amma ginshiƙinta bai sāke ba: a kwaɗaita maka babba, a karɓe ƙarami daga hannunka. In ka biya kuɗin lauya sai a ce saura na haraji, in ka biya wannan sai a ce wani jami'i ya tare takarda. Duk sa'ad da ka biya, barin abin sai ya ƙara yi maka wuya, gama kana ganin asarar da ka riga ka yi.

To, bari mu auna waɗannan wasiƙu da ma'aunin Shari'a. Wata takan ce wani baƙo ya mutu ba magaji, sunanku ya zo ɗaya, ka fito a matsayin ɗan'uwansa. Ɗalibin da ya karanta babin gado ya san dalilan gado uku ne: nasaba, da aure, da wala'i. Dacewar suna ba ta cikinsu, kuma da'awar nasabar ƙarya babban zunubi ce. Wata takan ce ka ci wata gasar sa'a wadda ba ka ma shiga ba. Wannan in ta tabbata, kuɗin caca ne. Wata kuma takan ce wani ma'aikaci ya ɓoye rarar kuɗin kwangila, yana neman asusun da zai zuba su. Wannan dukiyar jama'a ce aka sata, ana neman ka zama ma'ajin ɓarawo. Ka ga ke nan, ya ɗan'uwa, mafi yawan waɗannan wasiƙu gayyata ce zuwa ga haram. Aya ta 188 ta Suratul Baƙara da ta 29 ta Suratun Nisa'i duk sun hana cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna. Wanda ya tsaya a kan wannan hani ya tsira tun kafin ya gane cewa wasiƙar ƙarya ce.

Kada a ɗauka jahili kaɗai ake cuta. Tsakanin 1995 da 1998 wasu 'yan damfara, a ƙarƙashin Emmanuel Nwude, sun yaudari wani babban jami'in bankin Noroeste na ƙasar Barazil da kwangilar filin jirgin sama na ƙarya a Abuja, Nwude yana shigar burtu a matsayin Gwamnan Babban Bankin Nijeriya. Asarar ta kai kimanin dala miliyan 242. Hukumar EFCC, wadda aka kafa a 2003, ta gurfanar da su, kotu ta ɗaure Nwude a 2005. Wancan jami'i ya san lissafi sarai, amma an yi masa alkawarin kasonsa, sai ya riƙa ɗibar kuɗin da aka ba shi amana. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai dai a nan akwai wurin zamewa. Wasu samari da ke wannan sana'a sukan ce ai wanda aka cuta shi ma makwaɗaici ne, wasu kuma su ce ai Bature ne, ba Musulmi ba. Duka biyun hujjar banza ce. Kwaɗayin mutum ba ya halatta dukiyarsa, kamar yadda barin ƙofa a buɗe ba ya halatta sata. Game da wanda ba Musulmi ba kuwa, sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali kuwa mutanen garin ne suka nemi ransa. Haka nan Mugira ɗan Shu'uba, kafin ya musulunta, ya ci amanar abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu. Annabi ya karɓi musuluncinsa, amma ya ƙi dukiyar, domin ta yaudara ce. Saboda haka uban da ya ga ɗansa da mota ba sana'a, bai tambaya ba, da malamin da ya karɓi sadaka ya yi addu'ar "aiki" ya yi kyau, su ma su shirya amsa. Tuba kuwa ba ta cika sai an mayar da haƙƙi ga masu shi.

Kuma ba duk wanda aka cuta ne kwaɗayin haram ya ja shi ba. Akwai mai neman aiki, da mai neman kuɗin karatu, da tsohuwar da aka ce an ba ta kujerar Hajji, saura kuɗin fom. Waɗannan bukata ce ta kai su. Garkuwarsu ita ce bin diddigin labari, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni. Alamomin kuwa ba su ɓuya. Saƙo ya zo daga wanda ba ka sani ba, a kan abin da ba ka nema ba. Ana gaggauta ka. Ana cewa ka rufa asiri. Ana neman ka fara biya, ko ka ba da lambar sirrin asusunka. Mai kyauta na gaskiya ba ya karɓar kuɗi daga wanda zai ba, kuma wanda ya mallaki miliyoyi ba ya rasa kuɗin lauya. Kada ka amsa. In an ambaci wata hukuma, taka ka je ofishinta da ƙafarka. Ka nuna wa mutum biyu masu hankali, gama abin da mazambaci ya fi tsoro shi ne shawara. Yawan ambaton Allah a wasiƙa ba shaida ba ne, sun san abin da ke sanyaya zuciyarmu.

Wanda kuwa abin ya riga ya faɗa masa, ya tsaya nan, kada ya ƙara ko kwabo. Ya sanar da bankinsa nan da nan, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Ya yi hattara da wanda zai zo daga baya ya ce zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya wani abu, sau da yawa su ne dai suka sāke riga. Mu kuma kada mu yi masa dariya. Kunya ce ke sa mutane yin shiru, shirun nan kuwa shi ke ba mazambaci damar cutar na gaba.

Mutumin nan da ya zo zaurena ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Malam har na fara lissafin gidan da zan saya." Na ce masa kowa zuciyarsa takan raya masa haka, sai dai arzikin da Allah Ya rubuta maka ba ya bukatar ka yi ƙarya ko ka ɓoye shi ga iyalinka. Ya share wasiƙar, muka tashi zuwa Magariba.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya shiryi 'ya'yanmu. Amin. Wassalamu alaikum.