Kowa da maganin da ya karɓe shi

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin shekarar 2005 ya san ɗacin Nivaquine, wasunmu kuma sun san abin da ya fi ɗacin, wato ƙaiƙayinta. Ni ina cikinsu. Idan massassara ta kama ni aka ba ni ƙwayar, sai in yi kwana biyu ba barci, ina susa tun daga tafin ƙafa har tsakar kai, alhali ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, zai haɗiye tasa ya kwanta yana minshari. Kakarmu ba ta ga abin mamaki ba. Cewa take yi maganin bai karɓe ni ba, kamar yadda kiwo kan karɓi wani ya ƙi wani. Ma'aikacin asibiti kuwa cewa yake yi raki ne, kuma na daɗe ina ba shi gaskiya, tun da shi ya yi boko. Sai da na girma na karanta cewa likitoci sun san wannan ƙaiƙayi na kulorokin: ya yawaita a tsakanin baƙar fatar Afirka, da wuya ya sami Bature, kuma yana bin dangi.

To, idan jikunan mutane ba su karɓar magani iri ɗaya, me ake nufi da adalci a bakin ƙofar asibiti? Na zaɓi in auna tambayar da Azagor, cikin gundumar Dakoro, domin a can Buzu da Bafulatani da Bahaushe suna cin kasuwa ɗaya, kuma sauro ɗaya ke cizon su idan damina ta cika tafkunan ƙasar makiyaya. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel masu wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a kowane wata na damina. Nijar ta soma a 2013, a wurare irin su Madarumfa da Gidan Rumji da Magarya, daga baya aikin ya bazu. Masu rabo suna bi gida gida, ruga ruga, kowane yaro ana ba shi ƙwayoyi gwargwadon shekarunsa, ba a tambayar ɗan wane ne. A fuska, babu adalcin da ya wuce wannan.

Ɗaya daga cikin magungunan rabon shi ne amodiyakin. Hanta ke sarrafa shi da wani sinadari mai suna CYP2C8, kuma akwai wani nau'i na sinadarin, wanda ake gada, da ke aiki a sanyaye. Ya fi yawa a Afirka bisa sauran nahiyoyi. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa masu wannan gado suna warkewa kamar kowa, sai dai sun fi kukan ciwon ciki. A idon likita wannan ƙaramin abu ne. A idon uwa ba ƙarami ba ne, kuma ita ce ake bar wa ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku. Idan ta ga ɗanta ya kwana yana murƙususu ta faɗa, aka ce mata raki ne, to gobe ƙwayar tana ƙarƙashin tabarma.

Akwai misalin da ya fi wannan nauyi. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya, galibi maza ne abin ya fi nunawa a jikinsu, an haife su da ƙarancin wani sinadari, G6PD, da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ƙaranci ya yaɗu ne a ƙasashen sauro, domin ana ganin yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Mai shi lafiyarsa lau, har ranar da zai sha wasu magunguna. A nan jininsa ya soma narkewa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. An gano haka a 1956, a jikin fursunoni baƙar fata na gidan yarin Stateville a Amurka, waɗanda ake gwada maganin firimakin a kansu. Duk da wannan sani, a 2003 aka fito da Lapdap, magani mai rahusa da aka haɗa musamman domin Afirka, da niyya mai kyau, a cikinsa akwai dafson mai irin wannan illa. An yi fatan cewa nau'in ƙarancin da ke Afirka mai sauƙi ne. Gwaje-gwajen baya suka nuna yara na faɗawa cikin ƙarancin jini mai tsanani, har sai an ƙara wa wasu jini, kuma a 2008 aka janye maganin. Ke nan, wanda ya rufe ido ya ce jiki duk jiki ne bai yi adalci ba. Ya ɗora wa ƴan kaɗan kuɗin sauƙin da ya samar wa masu yawa.

Mai karatu zai ce, to ai sai a rarrabe. Nan ne nake jin tsoro, domin hanyar rarrabewa mafi arha ita ce a tambayi mutum ƙabilarsa, kuma kimiyya da kanta ta ba da abin da za a fake da shi. A 1996 David Modiano da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a wasu ƙauyuka kusa da Wagadugu, inda Fulani da Mosawa da Rimayɓe ke zaune tare, sauro na cizon su daidai wa daida. Fulanin sun fi ƙarancin ƙwayar cutar a jini, sun fi ƙarancin kwanciya, kuma garkuwar jikinsu ta fi tashi. A Mali an ga irin haka tsakanin Fulani da Dogon. Wani abin mamaki, kariyar da aka saba sani, irin ta gadon sikila da ta G6PD, ta fi ƙaranci a wajen Fulanin. Dalilin juriyarsu har yau masana na muhawara a kansa, wasu na duban garkuwar jiki, wasu har da nonon da ake sha.

Binciken gaskiya ne, amma a dubi abin da zai zama idan ya fito daga mujallar masana ya shiga bakin kasuwa. Zai zama "Bafulatani ba ya zazzaɓi". Daga nan sai mai rabon gidan sauro ya ga ba sai ya sha wuyar tafiya ruga ba, sai uba ya jinkirta kai ɗansa asibiti. Alhali abin da aka auna matsakaicin jama'a ne, a wasu ƙauyuka, a wata ƙasa. Ba a ce kowane yaro ba, kuma Fulanin Burkina ba su ne Woɗaaɓen arewacin Dakoro ba. Kama da wane ba ta wane. A Mali ma, waɗannan Fulani masu juriya su ne suka fi kumburin saifa. Sa'an nan ga Rimayɓe. Su ne waɗanda Bahaushe ke kira dimajai, zuriyar bayin Fulani: Fulatanci suke yi, al'adarsu ta Fulani ce, amma a gaban zazzaɓi jikinsu ya bi na Mosawa. Ashe harshe da sutura ba su faɗar abin da ke cikin jini. Wanda ya nace sai ya rarrabe da asali, dole ya kai ga tambayar wane ne ɗa, wane ne bawa, kuma duk wanda ya san ƙasar makiyaya ya san irin mikin da wannan tambaya ke famawa. Muna da wasan tobastaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014, inda Babarbare zai kira Bafulatani bawansa a yi dariya a watse. Wannan a dandali ne. A rajistar asibiti ba wasa ba ne, domin abin da aka rubuta ba ya watsewa.

Ni da ƙanena ƙabilarmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya, amma Nivaquine ta raba mu. Bambancin yana ratsa tsakar gida, bai tsaya a iyakar ƙabila ba, don haka mutum za a duba, ba sunan danginsa ba. Ɗigon jini ɗaya ya isa a gane ƙarancin G6PD. Na san amsar da za a ba ni: wa zai kai wannan awo ƙaramar ɗakin shan magani na karkara, inda ko na zazzaɓin kansa yakan yanke? Gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Sai dai akwai wata hanya, an kuma taɓa bin ta. A 2012 hukumar nan ta duniya ta rage awon firimakin da ake bayarwa domin katse yaɗuwar cutar zuwa kashi ɗaya cikin uku na da, yadda mai ƙarancin sinadarin ma zai iya sha ba tare da an auna shi ba. Wato an yanka rigar daidai jikin mafi rauni. Ba a iya haka ba sai da aka yarda cewa mafi raunin yana nan.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata hujjar ƙin maganin rabo. A gwaje-gwajen da aka yi, ya rage kamuwar yara da kusan kashi uku cikin huɗu. Ciwon ciki na kwana ɗaya ba a haɗa shi da kabari. Abin da nake nema shi ne a faɗa wa iyaye gaskiya tun kafin su haɗu da ita, da harshensu. A nan muna bin masana bashi. Daga 1969 zuwa 1976 an yi babban bincike a Garki, cikin jihar Kano ta lokacin, an ɗebi jinin dubban manoma Hausawa shekara da shekaru, littafin kuma ya fito a Janeba a 1980, da Turanci. Duniya ta ƙaru da shi ƙwarai. Mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu, da muke da harsunan biyu a baki, wani yanki na bashin a wuyanmu yake, domin mu ne za mu iya bayyana wa ɗalibin aji shida dalilin da ya sa idon ƙanensa ya yi ɗorawa bayan shan wata ƙwaya, ba tare da an ce maita ba ce, ba tare da an ce irinsu ne haka ba.

Kuma a watan Agusta, idan mai rabo ya sake isa wata ruga ta Azagor, uwa ta ce masa na watan jiya bai karɓi yaronta ba, ina so ya zauna ya tambaye ta: amai ya yi, ko ƙuraje, ko fitsarinsa ne ya canza? Ya rubuta sunan yaron da abin da ta faɗa, ya kai wa shugaban asibiti a Dakoro.