Fallayen Auhadi Cikin Littafin Maƙrizi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, wani almajiri ya tambaye ni: wanda ya tarar da rubutun mamaci yana shirin salwanta, ya ɗauka ya shigar cikin littafinsa bai ambaci mai shi ba, shin ya yi sata ne ko ceto? Ban ba shi amsa ba sai da na faɗa masa labarin malaman tarihi biyu na Masar.

Na farko shi ne Shihabuddini Auhadi, wanda ya daɗe yana tattara labarin unguwannin Alƙahira da masallatanta da makarantunta. Ajali ya riske shi a 811 ta Hijira, aikin yana daftari, bai tsabtace shi ba. Na biyu maƙwabcinsa ne kuma abokinsa, Taƙiyyuddini Maƙrizi, mai littafin Hiɗaɗ, wanda ya rasu a 845. Duk mai son sanin tsohuwar Alƙahira, ga wannan littafi yake komawa.

Daga baya Shaihu Sahawi, wanda ya rasu a 902, ya ce daftarin Auhadi ne Maƙrizi ya tsabtace, ya yi ƙari, ya danganta wa kansa. Amma fa Sahawi mutum ne mai kaifin alƙalami, har Suyuɗi ya jefa da irin wannan tuhuma, saboda haka da yawa suka ɗauki maganar a kan kishin malamai. Ni ma haka na ɗauka da ƙuruciyata.

Sai wani malamin jami'a ɗan ƙasar Beljiyam, mai suna Frédéric Bauden, ya duba daftarin Hiɗaɗ na hannun Maƙrizi da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. Ya ga fallaye kusan 20 a babin makarantu waɗanda rubutunsu ya saɓa wa na sauran, ya gwada, ya gane hannun Auhadi ne. Ya bayyana bincikensa a 2010 Miladiyya. Takarda ta ba da shaida bayan shekara 600.

To, sai dai adalci ya wajaba. Maƙrizi bai ɓoye gaba ɗaya ba, domin a littafinsa na tarihin mutanen zamaninsa ya yi iƙirarin cewa ya sami daftarin Auhadi ya shigar cikin babban littafinsa. Kuma abin da ya ƙara na kansa yana da yawa ƙwarai. Ba don shi ba, watakila da gara ta cinye wahalar abokinsa.

Duk da haka raina bai natsu ba. Ya ambace shi a wani littafi, ya bar ambatonsa a inda haƙƙin yake. Mai karanta babin makarantu ba ya sanin ƙafar wa ta taka ta je ta gani, kuma mai tarihi ba shi da jari sai ya ce, wane ne ya faɗa mini. In ya cire sunan, ya yanke sanadi, mai zuwa ba zai iya auna labarin ba. Sannan ga abin da ya fi damuna: al'adar masu karatu ce in suka iske sunan malami su ce Allah ya jiƙansa. Ɗaruruwan shekaru ana yi wa Maƙrizi addu'a a kan fallayen da wani ya ɓata dare yana rubutawa.

Don haka na ce wa almajirin: ceto ne, amma da ragowar bashi, kuma kuɗin biyansa layi ɗaya ne na tawada a farkon babi. Sai ya yi shiru, sa'annan ya ce a cikin kayan mahaifinsa akwai wani sharhi maras suna, da ma yana nufin bugawa. Na ce ya fara zagaya tsofaffin almajiran gidan, ya nuna musu hannun, ko akwai wanda zai shaida shi. Allah ya jiƙan Auhadi da Maƙrizi da Sahawi baki ɗaya.